DAGA TSAKAR GIDA: Dabaibayin 'Yan Tsakin Auta

   

Na san da yawanku kun buɗo shafin nan ne kuna jiran ƙarashen maganar da muka faro a fitowar da ta wuce, ta saurayin nan da ya shekara uku yana zuwa zance bai taɓa turo magabatansa ba. To ku yi haƙuri. Bawan Allahn da ya iya shekara uku yana ɗumama dakalin ƙofar gida, wata ɗaya ba zai gagare shi ba. Yau maganar kaji za mu yi. E, kaji. Kada wata ta taɓe baki, ki dai karanta har ƙarshe tukuna.

Abin da ya jawo maganar wata wasiƙa ce da ta zo mini daga Shinkafi, daga wata ƙanwarku 'yar sakandare. Ta ce kazarta ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki takwas, uku daga ciki ba su iya tsayuwa, ƙafafunsu sun tale, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, sai ja da ciki suke yi. Mutanen gida sun ce ta jefar da su, wata maƙwabciya kuma ta raɗa mata cewa baki ne aka yi wa kazar. Shi ne take tambaya, wai gaskiya ne baki ne, kuma akwai magani? Ƙanwata, wasiƙarki ta iso ni a makare, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, kafin ki karanta wannan lokacin gyaran waɗancan ukun ya wuce. Amma kazarki za ta sake kwanci, don haka ki ajiye shafin nan a ƙasan akwati.

Ku 'yan birni wataƙila ku ce mene ne abin rubuta wasiƙa a kan ɗan tsako. Mu nan arewacin Zamfara mun san amsa. A da, dukiyar mace a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi tana tsaye ne a turke: tunkiya, akuya, mai ƙarfi har da saniyar da ta gada. Ɓarayin daji sun kwashe da yawa, wasu kuma masu su suka sayar da arha tun kafin a zo a kora. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar nan aka kuma katse layukan waya, har kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, wadda ake zuwa tun daga Nijar, ta zama fili. A wancan lokacin na ga matar da ta ciyar da gidanta da ƙwai da kaji, tana sayarwa ta kan katanga. Kaza ba ta bukatar makiyayi, ba a kai ta daji, kuma in gudu ya kama a kwando ake sa ta a ɗora a ka. Yarinyar da ke da kaza biyu masu kwanci ba ta jiran saurayi ya saya mata sabulu da man shafawa. Ku riƙe wannan, don wata rana za mu dawo kansa.

A kwando ɗin kuwa kazar da zan ba ku labari ta zo gidanmu a Kaura Namoda. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta baro ƙauyensu na ƙasar Zurmi da dare ɗaya, ita da jikarta da muke kira Auta, 'yar shekara 13. Abin da suka iso da shi ƙullin kaya ɗaya ne, da tabarma, da wata baƙar kaza mai wake-wake a wuya, wadda mahaifiyar Auta ta ba ta kafin ta rasu. Allah Ya jiƙanta. Mun sa Auta a makaranta, amma yarinyar nan akwai zuciya, ba ta son ta riƙa cewa a ba ta. Ta lissafa komai a bayan littafin lissafinta: kaza za ta ƙyanƙyashe, za ta sayar da zakaru ta ɗinka sabon yunifom da hijabi, ta bar matan su yi ta haihuwa har ranar da za a yi mata kayan ɗaki. Gwaggo kan yi mata tsiya ta ce, "Kishiya, ɗiyan da ba su hito ba har kin kai su kasuwa?"

Bara da damina kazar ta hau kwanci a kan ƙwai 12. Auta ta yi ta ja wa bango layi da gawayi, don kwanan kaza 21 ne, ba daɗi ba ragi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ranar da suka cika, tun da hantsi aka fara jin tsiyau-tsiyau a akurki, kafin magariba goma sun fito, biyu sun yi bara-gurbi. Sai ga hadari ya haɗo daga gabas. Wajen ƙarfe goma na dare ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, tsakar gida ta cika, ruwa ya fara shiga akurki. Auta ta fita cikin ruwan nan ba ta tashi kowa ba, ta kwaso 'yan tsakin a haɓar zane ta kawo ɗaki. To ga inda ƙauna ta yi ɓarna. Don kada su kwana a ƙasa, sai ta ɗauko sabuwar fanteka, ta yage bangon wata mujalla mai sheƙi ta shimfiɗa musu, ta rufe da kwando. Ban dai ce wace mujalla ba ce, kada Edita ya riƙe mini alawus.

Da asuba kukanta ne ya tashe ni. Shida suna tsaye suna ta zamewa kamar masu koyon tafiya a kan sabulu. Uku suna kwance rub da ciki, ƙafafu a tale. Ɗaya kuma, wanda ya fito ƙarshe, ƙafarsa ta dama ta juya baya daga gwiwa, yatsun ɗayar kuma a dunƙule kamar mai riƙe da kuɗi.

Gwaggo ta leƙa ta ce, "Mi anka yi ma ɗiyan kazan ga? Ai waɗanga ba su tashi. Tun muna ƙuruciya ban taɓa ganin gurgun tsako ya yi cara ba. Kai su juji, kishiya, ki huta."

Auta ba ta ce komai ba, ta rungume fantekar ta dube ni. Wallahi kallon nan ne ya sa na yafa mayafi na aika a yi mini sallama da maƙwabcinmu, wani malamin dabbobi, tun bai karya kumallo ba.

A zaure ya same mu. Ya ɗaga 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shafa takardar da ke ƙasan fantekar ya yi murmushi. Ya ce da Auta, "'Yata, ba maye ba ne, ba baki ba ne. Ga mayen nan kin shimfiɗa musu da hannunki."

Ga bayanin kamar yadda na fahimce shi, na kuma gwada na gani daga baya. Ɗan tsako yana fitowa ne ƙashinsa da jijiyoyinsa ɗanyu sharaf. A kwana biyu zuwa uku na farko ƙafafun ke koyon zama a ƙarƙashin jiki, kuma ba za su koya ba sai ƙafar ta sami abin kamawa. In ƙasan da santsi, duk yunƙurin da ya yi sai ƙafa ta zame gefe, tun yana ƙoƙari har ya gaji, sai cinyoyin su saba da buɗewa, su ƙame a haka. Jarida, leda, kwano, roba, tayil, siminti mai sulɓi, duk abokan gabar ɗan tsako ne. Su kansu masu kiwon kajin gidan gona, da ke sayen 'yan kwana ɗaya da ake kawowa daga Ibadan ko Jos a kwali mai cin 50, in suka yi ganganci suka zuba su a kan santsi haka suke tashi da guragu. 'Yan zabi kuwa suna da saurin talewa. Ke ta Shinkafi, ki tambayi kanki a kan me naki suka kwana daren farko.

Abin daɗin shi ne, ɗanyantakar da ta sa ƙafa ta karkace, ita ce ke sa ta gyaru in an yi sauri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu iya magana, kuma ban taɓa ganin inda maganar nan ta zauna daram kamar a ƙafar ɗan tsako ba. Na kwana ɗaya ko biyu yakan miƙe. Na mako guda sai an yi sa'a.

Maganin kuwa duk wadda ta tashi a ƙauye ta san shi, a jikin jaki dai ta saba ganinsa. Dabaibayi ne. Malam ya aiki yaro kemis ya sayo filasta irin ta ciwo, ya tsaga ta a tsaye ta zama siririya kamar rabin faɗin ɗan yatsa. Ya sa Auta ta riƙe ɗan tsakon a tafin hannu, ya tattaro ƙafafun ya daidaita su a ƙarƙashin ciki yadda lafiyayye ke tsayawa. Sannan ya naɗa bakin filastar a ƙwaurin dama, tsakanin gwiwa da yatsu, ya naɗa ɗaya bakin a ƙwaurin hagu, ya bar tsakani kamar inci ɗaya, wato kusan faɗin yatsu biyu na yarinya. Inda filastar za ta taɓa fata ya fara sa ɗan auduga, don kada danƙon ya saluɓe fatar ranar cirewa. Tsakiyar kuma ya ninke ta ta manne da kanta, kada ta kama gashin ciki ko ta kwashi datti.

Ku lura da tsakanin nan, nan ne duk wayon yake. In ya yi kusa da yawa ɗan tsako ba zai iya ɗaga ƙafa ba, sai ya yi ta kifewa. In ya yi nisa, ba a yi komai ba. Ki ajiye lafiyayye a gefe ki kwaikwayi tsayuwarsa. Wadda ba ta da filasta, ƙaramar robar nan ta ɗaure bakin kitso ma tana yi: ki yanko guntun bututun shan lemo mai tsawon inci ɗaya, ki zura robar ta ciki, sai kunnuwa biyu su leƙo ta kowane gefe, ki sa ƙafa ɗaya a kowane kunne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zaren ɗinki ko zaren buhu. Yana nutsewa cikin fata ya tsare jini, ki zo gyaran gurgu ki tashi da mai ƙafa ɗaya. Kowane iri kika sa, ki riƙa duba yatsun sau uku ko huɗu a yini. In kin ga sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko sun fara duhu, kwance maza, ya matse.

Da aka ajiye na farko a kan tsohon tawul, sai ya faɗi. Ya yunƙura ya sake faɗi. Gwaggo da ke leƙe ta bayan ƙyaure ta ce, "Yau ga abin da ya ishe mu, ɗan tsako da dabaibayi awa jakin Bugaje." A yunƙuri na huɗu ya tsaya, yana rawa kamar mazari, ya yi taku biyu ya kai baki ƙasa. Auta ta yi wata irin ƙara har sai da Malam ya toshe kunne.

Lafiyayyun shida muka mayar wa uwarsu da safen nan, bayan an zuba busasshen yashi da ƙaiƙayi a akurki. Marasa lafiyar kuma aka yi musu asibiti a kwalin taliya. Ƙasan muka shimfiɗa buhun algarara, wanda ya fi komai daɗin kamawa, tsohon tawul ko tsumma mai kaushi ma ya yi, in dai babu zare mai warwarewa da zai sarƙe yatsu. Tunda babu uwa dole a nemo ɗumi, don ɗan tsako a makon farko yana son zafin da ya kai awo 32 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyos. Ba mu da ma'auni, fitilar ƙwai muka ajiye a jikin kwalin daga waje, da dare kuma kwalbar ruwan zafi a naɗe cikin tsumma. Su da kansu za su gaya miki: in sun cure wuri ɗaya suna kuka mai ƙarfi sanyi suke ji, in sun gudu nesa da fitila suna buɗe baki zafi ya yi yawa. Don Allah banda kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kuma kada a bar fitila inda mage za ta ture ta.

Ruwan sha shi ne abin tsoro na biyu. Mai dabaibayi in ya faɗa cikin ruwa ba ya iya tashi, ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba sai ya kashe shi. A murfin kwalba muka zuba, muka cika shi da 'yan tsakuwa, su sha ta tsakani. Abinci kuwa kada hankalinki ya tashi in bai ci ba ranar farko, yana fitowa ne da sauran gwaiduwa a cikinsa da za ta riƙe shi kwana biyu har zuwa uku. Mu mun fara da dafaffen ƙwai da aka murmushe, da tsakin gero mai laushi, da garin busasshen zogale kaɗan, daga baya Auta ta riƙa tono musu gara. Mai hali ta sayi abincin 'yan tsaki na buhu, ana aunawa a kwano a shagunan abincin kaji, ya fi namu cika. Malam ya ba mu garin bitamin na kaji a sa a ruwa. Ya kuma ja mana kunne a kan kafso ɗin nan na mutane mai ja da ruwan ɗorawa da mata ke farkewa su zuba wa kaji a kan komai. Ba ya miƙar da ƙafa, asarar kuɗi ce kawai.

Akwai wata dabara da ta ba mu dariya amma ta yi aiki. Sau uku a yini Auta kan sa kowanne a cikin kofin shayi da aka sa wa tsumma a ƙasa, na 'yan mintoci. Kofin ya tattare shi, shi kuma garin son leƙen waje sai ya yi ta dogara ƙafa yana miƙewa. Motsa jiki ke nan. Kafin ta tafi makaranta ta yi, ta dawo ta yi, bayan la'asar ta yi, kowane karo kuma sai na tsaya a kanta ta wanke hannu da sabulu, don kashin kaji na sa ciwon ciki da zazzaɓi.

Kowace safiya mukan kwance dabaibayin mu ga tsayuwa, in ƙafa ta fara zamewa mu sa sabo, don ɗan tsako girma yake kullum, na jiya ya matse shi yau. Biyu sun tsaya da kansu a kwana na uku. Na ukun ya kai kwana shida, kuma har yau in tana gudu, don mace ce, sai kin ga tana ɗan jefa ƙafar hagu. Da dare muka mayar da su, muka cusa su ƙarƙashin fiffiken uwar cikin duhu. Da rana kika kai mata, tana iya ɗaukarsu baƙi ta sassare su.

Saura na huɗu. Yatsun da suka dunƙule ba su ba mu wahala ba. Malam ya yanko ɗan kwali daidai tafin ƙafar, ya miƙar da yatsun a kai, uku gaba ɗaya baya, ya manne da filasta ta sama. Takalmi sak, har Gwaggo ta tambaya ko za a saya masa safa. Kwana uku aka cire, yatsu sun miƙe. Amma ɗaya ƙafar da ta juya daga gwiwa wani abu ne daban. Jijiyar agara ce ta goce daga kwarminta a bayan gwiwar, gwiwar ta kumbura ta baje. Tun ranar farko Malam ya gaya wa Auta gaskiya, ya ce irin wannan ko an mayar da jijiyar da wuya ta zauna, dabaibayi kuma ba ya yi mata komai. Ya gwada, ta sake gocewa. Ɗan tsakon ya yi ta raguwa, 'yan'uwansa na girma shi yana nan jiya i yau, ya daina ci, kwana tara ya mutu a tafin hannunta.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu za su ce Anti ba ta da tausayi. Da na san abin da na sani yanzu, ba zan bari ya kai kwana tara ba. Gurgun da ke ci, yake sha, yake kai kansa inda abinci yake, a bar shi ya rayu, a keɓe shi daga masu tattake shi, in ya girma ya shiga tukunya kamar kowa. Wanda kuwa ba ya ci, kullum sai kuka, an yi mako ba canji, a ba babba namiji ya hutar da shi nan take. Abin da ba shi da kyau shi ne wanda Gwaggo ta fara faɗa, a jefa shi juji da ransa, tururuwa da rana su ƙarasa shi. Duk mun ji a Islamiyya abin da ya sami matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa.

Ba kowane gurgu ne santsi ya jawo ba, wani tun daga cikin ƙwai yake fitowa da abinsa, kuma a nan laifin yakan koma kan cikin uwar. Kazar da aka tsare ba ta cin komai sai tsabar masara ko dawa, ƙwanta na fitowa da ƙarancin bitamin B2, shi ke kawo naɗewar yatsu, da ƙarancin wani sinadari manganis, wanda rashinsa ke sa agara gocewa. Kazar Auta makonni ta yi a ɗaure a turke saboda baƙunta, kada ta ɓata a unguwa. Kun ga dalili ke nan. Kazar da za ta yi ƙwan kwanci a ba ta dusar shinkafa ko ta alkama, da ganye, da ƙwari, da ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, a kuma bar ta ta sha hantsi, don rana na taimakon ƙashi. A zaɓi ƙwan da bai wuce mako guda ba, ba mai tsagu ba, ba ƙarami ainun ko mai wata irin siffa ba, kuma kada a wanke shi. Ƙwan bazara, lokacin da zafin ƙasar nan ke haura awo 40, ya fi lalacewa da fitar da raunana. Masu injin ƙyanƙyasa su ma in wuta ta yi ta ɗaukewa tana dawowa haka suke gani. Mai haɗa ƙwan zabi da na kaza a ƙarƙashin uwa ɗaya ta tuna na zabi kusan kwana 28 yake yi, sai ta riga sa shi da mako guda. Zakara ma a riƙa canza shi, kada shekara da shekaru uba ya yi ta bin 'ya'yansa da jikokinsa. Sannan ku masu gaggawa, in ɗan tsako ya huda ƙwai ku ƙyale shi, yana iya yini da kwana kafin ya fito. Daga baya Auta ta faɗa mini cewa na huɗun nan ita ta ɓare masa ɓawo da farce, don ta ga hadari na tahowa.

Abu ɗaya kuma kada ku rikita. Duk maganar nan ta 'yan kwana ɗaya zuwa mako ce. In kaza ta yi wata ɗaya da rabi ko fiye tana tafiyarta lafiya, sannan ƙafa ta shanye, ɗaya gaba ɗaya baya, ana zargin cutar Marek, mai sunan likitan dabbobin ƙasar Hungari da ya fara bayaninta a 1907. In kuma kaji da yawa suka kwanta lokaci guda, da koren zawo da murɗewar wuya, musamman da hunturu, to annobar nan ce da likitoci ke kira Niyukasil. Waɗannan filasta ba ta yi musu. A ware marar lafiya, a nemi malamin dabbobi. Ita Niyukasil tana da rigakafi, har da wanda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, ana ɗiga shi a ido ko a sa a ruwan sha. Ku haɗu ku goma a unguwa ku sayi kwalba ɗaya, don in an buɗe ba ta ajiyuwa.

Cikin tara da suka rage shirwa ta ɗauki ɗaya, ɗaya ya faɗa kwata. Bakwai suka girma, zakaru huɗu, mata uku. Da ƙaramar salla Auta ta sayar da zakaru uku, biyu daga cikinsu 'yan dabaibayi ne, mai sayen har yana yaba ƙwaurinsu. Ta ɗinka yunifom da hijabi biyu, ta sayi takalmin makaranta, ta kawo wa Gwaggo goro da canjin. Mai jefa ƙafar nan kuwa tana ƙwai, ƙwanta ake soya wa Auta ranar jarrabawa, amma ba ma sa shi a kwanci.

Shekaranjiya ina ɗaki ina wannan rubutu sai na ji sallamar wata mata daga bayan layinmu, da 'yan zabi biyu a cikin ƙwarya. Na ɗauka ni take nema, har na fara neman mayafi. Ashe Gwaggo aka aiko ta wurinta. Ina leƙowa na ga tsohuwa ta baje a tabarma, ta kwance haɓar zane, ga goro ga filasta a ƙulle tare. Tana tsaga filastar da haƙori tana ce wa matar, "Wanga aiki ai tun Zurmi muka iya shi, kakanninmu sunka koya muna." Auta na gefe tana riƙe mata ɗan zabon, ta dube ni, na dube ta, ba wadda ta tanka.

Ke ta Shinkafi, in kazar ta sake ƙyanƙyashewa ki rubuto mini nawa suka tsaya. Sauran kuma ku shirya, a fitowa ta gaba za mu koma kan mai ɗumama dakali.

Taku har kullum,
Antinku ta Tsakar Gida, Kaura Namoda.